Safar Hannun Giɓi

Ban taɓa hawa dutsen nan ba, kuma ba ni da niyya. Daga ƙofar shagona nake hango shi, fari fat da ƙanƙara, ya tokare sama, ni kuwa har yau ban ga abin da mai hankali ya ajiye a can da zai sa ya je ɗaukowa ba. Amma da shi muke ci. Baƙi su zo daga nesa da manyan jakunkuna, 'ya'yanmu su ɗauki kayansu su nuna musu hanya, ni kuma in zauna a kan keke in ɗinke abin da ya yage.

Kayan hawa ba irin kayan mutane ba ne. Riga da wando a haɗe suke, an cusa musu gashin agwagwa har mutum ya koma kamar katifa mai tafiya. Idan ƙarfe ya ɗan tsaga su, gashin ya fice, sanyi ya shiga, shi ke nan. Don haka shagona kullum cike yake da gashi, a hanci, a shayi, a gashin ido. Bango ɗaya ne tsakanina da Maƙeri, wanda ke wasa gatarin ƙanƙara da ƙarafan nan masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi don kada santsi ya ɗauki mutum. Idan ya gama wasawa, a shagona ake rataye su. Ƙarar magagarinsa nake sha tun safe, na saba da ita har ba na jin ta sai ta tsaya.

Maƙeri yayan surukina ne. Ƙanensa Giɓi shi ya auri 'yata Fara. Tun yana yaro ya faɗi ya rasa haƙori ɗaya na gaba, sunan ya bi shi, shi kuwa ko a jikinsa, dariyarsa ya fi kowa buɗe baki. Jagora ne, ya san dutsen kamar tsakar gidansu. Shi ya ɗauki ɗana Auta aiki.

Ina da doka ɗaya a sana'ata, kuma ba na sassauta ta ga kowa. Safar hannun da ake sawa can sama ba ta da yatsu, babban yatsa kaɗai aka ware, kaurinta kamar matashi. Dole mutum ya cire ta idan zai gyara igiya ko ya buɗe tukunyar iskar shaƙa, kuma iskar wurin ba ta jira, da ka ajiye ta tafi da ita. Hannun da ya zauna tsirara a can sunansa gawa. Shi ya sa duk rigar da ta bi ta hannuna sai na zura mata siririyar igiya, ta shiga ta hannun dama, ta bi bayan wuya, ta fito ta hagu, in ɗinke kowane baki a jikin safa. Ko ka cire, tana nan tana lilo a gefenka.

Giɓi bai taɓa gardama ba. Auta kuwa, ɗan da na haifa da cikina, cewa ya yi na mai da shi jariri, baƙi suna yi masa dariya. Ana gobe za su tafi na kama shi da almakashina yana yanke tasa. Na kai masa duka da ma'aunin katako, ya goce yana dariya.

"Inna, ni fa ba yaro ba ne."

"Za ka ga yaro, mai kunnen ƙashi. Kawo in mayar."

Bai kawo ba. Ya sumbaci goshina ya fice.

Shi da Giɓi suka tafi tare da baƙinsu, Auta kaɗai ya dawo daga cikin namu. Fuskarsa ta ƙone baƙi ƙirin, leɓensa ya farfashe, fatar hannunsa tana saɓulewa, amma yatsunsa goma suna nan, na ƙirga su da bakina ina kuka. Ya ce a hanyar saukowa guguwa ta raba su da sauran mutane, ƙanƙara ta rufta da Giɓi cikin wani rami mai zurfi. Ya leƙa, ya yi ta kira, ba amsa, ba a ko hango shi. Nan take ya mutu, in ji shi. Maƙeri ya rungume shi a gaban jama'a ya ce ba komai, haka Allah ya so. Fara ta daina magana, sai dai ta zo shago ta zauna kusa da ni tana tsinke zare, don gidan ya yi mata faɗi.

Auta ya ƙi kawo jakarsa. Ka'ida ce duk wanda ya sauko ya kawo kayansa a shanya, a duba abin da ya lalace, shi kuwa kullum sai ya ce gobe. Ranar da abin ya faru, da hantsi, ni na aika aka ɗauko ta daga ɗakinsa, don na gaji da gobe. Ya shigo shago ya gan ta a ƙasa, ya tsaya turus, sannan ya zauna a benci ya karɓi shayin da na miƙa masa. Fara ce ta buɗe. Ta fito da rigar, ta fito da tabarau, ta fito da safar ƙafa masu wari. Can ƙasa ta taɓo wani abu a naɗe cikin leda.

Safar hannu ce, manya, baƙaƙe, ta hagu da jan faci a babban yatsa. Fara ce ta yi facin da hannunta, don ta ce tana so ta gane na mijinta a cikin tarin kaya.

Ta dubi safar, ta dubi ƙanenta.

"Auta, ka ce rami ya faɗa."

Ta matso kusa da shi.

"Ka ce ko hango shi ba ka yi ba. To wannan fa? Daga ramin ta tashi ta biyo ka?"

Na ce mata ta dakata, ta bar shi ya yi bayani, amma ina, ta riga ta fice da safar a ƙirjinta. Na ji ƙarar magagari ta tsaya a bayan bango.

Maƙeri ya shigo da gudumarsa a hannu ɗaya, safar a ɗayan. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofata. Bai yi sallama ba. Ya ɗaga guntun igiyar da ke lilo a jikin safar ya kai ta daf da idon Auta.

"Wannan yankan wuƙa ne. Wa ya yanka?"

"Yaya…"

"Kada ka ƙara ce min Yaya. Ina taka? Ina safarka?"

"Iska ta ɗauke."

"Iska ta ɗauke taka, sai ka tuɓe wa ƙanena tasa."

Ya ajiye gudumar a kan teburin yanka, a hankali, sannan ya kai masa naushi a baki. Kofin ya tashi ya fashe a bango. Kafin Auta ya kai ƙasa ya cafko wuyan rigarsa ya ɗaga shi ya maka shi da katakon da muke rataye ƙarafan takalmi. Katakon ya karye, ƙarafan suka zubo masa a ka, sababbin wasawa, haƙoransu suna ƙyalli. Ɗaya ya tsaga masa goshi har gira. Jini ya rufe masa ido.

Na yi ihu na ce Fara ta kira mutane. Ta nufi ƙofa, na ɗauka fita za ta yi. Sai ta tura ƙyauren ta danna sakata, ta jingina bayanta da shi. 'Yar da na goya ce ta yi wannan, idonta a bushe, tana kallon ana dukan ƙanenta.

"Inna, ki matsa," in ji ta. "Ki bar shi ya faɗa."

Maƙeri ya tsince shi daga cikin ƙarafan ya sake jefa shi, wannan karon kan rigunan baƙi da ke jiran ɗinki. Wani ƙarfe ya maƙale a rigar Auta ya bi shi, ya farke riga biyu daga sama har ƙasa. Gashin agwagwa ya tashi ya cika shagon, yana sauka a kan jinin yana mannewa. Maƙeri yana shuri, a ciki, a haƙarƙari, kowane shuri da tambayarsa.

"Yana numfashi ka cire? Ya roƙe ka? Ya kira sunanka? Yi magana, ɗan iska!"

Auta bai kare kansa ba, ko hannu bai ɗaga ba. Wannan ya fi dukan ƙona min rai. Yaron da tun yana ƙarami ba a taɓa shi ya ƙyale, ga shi kwance kamar buhu.

Ni dai ba buhu ba ce. Na ɗauki babban almakashina na yankan tanti na caka wa Maƙeri a kafaɗa da iya ƙarfina. Ya shiga, na ji ya taɓa ƙashi. Maƙeri ya yi ƙara ya juyo, ya watsar da ni da bayan hannu. Na bugi keken ɗinki, keken ya kife, bakina ya haɗu da ƙarfen ƙafarsa. Na ji gishiri a harshena, na tofar da rabin haƙori. Mutumin da ke kawo min shayi idan nawa ya ƙare, yau shi ne ya zubar da ni. Ya zare almakashin daga jikinsa ya yar, ko kallona bai sake yi ba.

A waje maƙwabta sun taru suna dukan ƙofa suna kiran sunayenmu. Fara ta ƙara danne ƙyauren.

Maƙeri ya ja Auta ta gashin kai har gaban teburin yanka, ya durƙusar da shi, ya ɗauki gudumarsa.

"Ba zan kashe ka ba," ya ce, yana haki. "Amma hannun da ka saya da ran ƙanena ba za ka ci abinci da shi ba. Wanne ya riƙe wuƙar?"

Na yi ƙoƙarin tashi, ƙafata ta ƙi. Na ce Auta ya yi magana, don Allah, don darajar nonon da ya sha, ya faɗi ko mene ne. Ya juyo ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan jini ya rufe. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama da kansa ya shimfiɗa a kan teburin, ya baza yatsun.

Ko Maƙeri sai da ya ɗan tsaya. Amma fushi ya riga ya hau masa kai.

Na san ƙarar guduma a kan ƙarfe, da ita nake wuni. Wannan ba ta yi kama da ita ba. Ƙara ce maras amo, kamar an taka busasshen kara a cikin laka. Auta ya saki wata irin kururuwa da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Gudumar ta sake sauka. Masu dukan ƙofa suka yi tsit. Hannun ya zame daga teburin ya bar jan layi a kan alli da ƙyallen da nake aunawa.

"Kawo ɗayan," in ji Maƙeri.

Ina kwance a ƙasa, kumatuna a kan siminti, safar nan ta hagu tana daf da fuskata inda ya yar da ita. Bakinta ya ɗan juye. A wuyan safar, ƙarƙashin naɗin, na ga igiyata a nannaɗe zagaye bisa zagaye, an datse ta a gefe guda da wuƙa, amma ƙullin yana nan ba a kwance shi ba. Ni ɗinke igiya nake yi, ban taɓa ƙulla ta ba. Na jawo ta dama da ke gefen keke na juya bakinta. Ita ma haka.

Auta ya riga ya ɗora hannun hagu a teburin. Ban san inda na samo ƙarfi ba. Na ja jiki da gwiwa, na kama ƙafar teburin na miƙe, na kifa safar biyu a kan hannun ɗana, gudumar tana sama.

"Duba kafin ka buga, tsinanne! Buɗe idonka ka duba!"

"Inna, matsa," in ji Maƙeri.

"Ba zan matsa ba. Sai dai ka haɗa da nawa. Wannan ƙullin wa ye?"

Ya duba, don ba shi da yadda zai yi. Na ga gudumar tana saukowa a hankali har ta taɓa cinyarsa. Ya ɗauki safa ɗaya ya kai ta wajen hasken taga, ya murza ƙullin da babban yatsa. Naɗi biyu ne, a mayar da bakin igiyar ta ƙarƙashi, a sake fito da shi ta baya. Duk gatarin da ke rataye a shagona da irin wannan ƙullin aka ɗaure masa madaurin hannu, don Maƙeri ne ke ɗaurawa. Ubansu ya koya masa, shi ya koya wa Giɓi, ba wanda ke yin sa a layinmu sai su biyu.

"Kai da ka san aiki," na ce, jini yana bin haɓata, "gaya min yadda mutum zai sa hannunsa cikin waɗannan matasan kai, sannan ya ɗaure wuyan hannunsa biyu da kansa."

Ya juya ga Auta, muryarsa ta koma ƙarama.

"Shi ya ɗaura maka?"

Auta ya kifa goshinsa a bakin teburin. Da ƙyar maganar take fita, leɓensa ya kumbura.

"Ba rami ba ne. Gangara ce. Ya zame, ƙafarsa ta karye a cinya, ƙashin ya fito. Na cire safata in ɗaure masa, iska ta kwashe su duka biyu. Na ja shi, na ja shi, Yaya, wallahi na ja shi. Hannuna ya daina ji. Sai ya zage zif ɗinsa ya laluba bayan wuya ya yanke igiyar da wuƙarsa, ya zaro ta. Na ƙi. Ya mare ni. Ya zage ni, ya zagi har kakana. Ya cusa hannuna a ciki ya ɗaure, ya ce ga igiyar Inna nan da na raina, in na isa in yar da waɗannan ma. A sansanin ƙasa sai da wuƙa aka cire min su."

Fara ta bar jikin ƙofar. Ta tako cikin gashin da ya rufe ƙasa har ta tsaya a kansa.

"Da ransa ka bar shi."

"Da ransa."

"Hannunsa a waje."

"Ya cusa su a hammata. Yana zaune, ya jingina da jakarsa. Ina tafiya yana yi min ihu kada in waiwayo, har na daina jin sa." Ya ɗago ya dube ta. "Ya ce in gaya miki rami ya faɗa, nan take ya cika. Ya ce idan kin san a zaune yake yana jira, ba za ki ƙara yin barci ba. Ya sa na rantse, Yaya Fara. Ko da kun karya ɗayan ma, da ban faɗa ba."

Fara ta durƙusa a hankali ta tallafo hannun da aka farfasa, ta rasa inda za ta riƙe shi, ko'ina ya lalace. Sai a lokacin kukan da ta riƙe tun ranar da aka kawo labari ya ɓalle mata, ta haɗa kanta da na ƙanenta tana kiran sunan mijinta.

Maƙeri ya zube a kan gwiwoyinsa. Kafaɗarsa tana ta zubar da jini bai sani ba. Ya miƙo min gudumar ta wajen ƙota, ya shimfiɗa nasa hannun a inda na Auta ya tashi, a cikin jinin. Na karɓa. Na ɗaga ta, kuma Allah ya sani da niyya na ɗaga. Ba tausayi ne ya hana ni ba, don ba ni da ko ɗigonsa a lokacin. Auta ne ya ce, "Inna, jiri nake ji," ya sulale. Na saki gudumar na tare kansa, na daka wa ƙaton nan tsawa ya tashi ya buɗe ƙofa ya ɗauki ɗana.

Shi ya goya shi har asibiti, yana gudu, gashin agwagwa yana bin su a titi. Likita ya yi iya yinsa. Babban yatsa da ɗan ƙaramin suka tsira, na tsakiya uku aka yanke.

Gudumar tana nan ƙarƙashin kekena, Maƙeri bai taɓa zuwa neman ta ba. Ƙarar magagari ta dawo bayan bango, amma ba ya shigowa, ƙarafan da ya wasa a bakin ƙofa yake ajiye su. Fara ta ɗauki safar ta tafi da su gidanta. Tun daga ranar ba ta barcin kirki, kamar yadda mijinta ya faɗa. Auta ba zai ƙara riƙe igiya ko gatari ba. Yana zama a shago yana cusa gashi a riguna da hannun hagu, kuma duk baƙon da ya ce ba ya son igiya a safarsa, shi ke tashi ya nuna masa ƙofa.

Baƙin sukan kalli hannunsa su girgiza kai, su juya su dubi dutsen ta taga, su ce lallai sanyin can ba shi da imani. Auta yakan yi shiru. Ni ce ba na iya yin shiru.

"Ku bar dutse ya huta," nakan ce musu. "Da yatsu goma ya dawo min da shi. A kan teburin nan da kuka jingina ya rasa su."